Ƙanƙara a Maƙogwaron Inji: Jagora ga Mai Son Ƙera Ƙaramin Jirgi

Daga Jangeru zuwa Shinkafi, ka nausa Ƙauran Namoda ko ka ratsa Zurmi, da wuya ka sami garin da babu yaron da zai kwance maka kafireton Boxer ko na injin ban ruwa, ya wanke shi da fetur a gindin gwangwani, ya busa jet da baki, ya mayar kafin ka gama shan shayi. Wannan gwanintar rabin abin da mai ɗora inji a ƙaramin jirgin sama yake buƙata ke nan, don kafireton yawancin ƙananan jirage aikinsa ɗaya da na babur, girma kawai ya fi shi. Ɗaya rabin kuwa aikin ƙasa ba ya koyar da shi: iska tana sirancewa in an yi sama, kuma ƙanƙara tana iya toshe kafireto a ranar da mutane ke share gumi.

Kada wani ya ce zancen jirgin gida tatsuniya ce a arewa. A 2007 Mubarak Muhammad Abdullahi, ɗalibin kimiyyar fiziks a Jami'ar Bayero ta Kano, ya haɗa jirgi mai saukar ungulu da injin Honda Civic mai ƙarfin doki 133, ya kuma ɗaga shi daga ƙasa, ko da yake bai wuce ƙafa bakwai ba. Kafin shi, a Kaduna aka harhaɗa jirage 60 da ake kira Air Beetle don koyar da matuƙan sojin sama. Asalinsu RV-6A ne, ƙirar Richard VanGrunsven na Amurka, jirgin da ake sayar da sassansa ga masu haɗawa a garejin gida. Injinsa Lycoming O-360 ne mai ƙarfin doki 180.

Kafin komai, tashi da jirgi sai da rajista da izinin hukumar kula da sufurin jiragen sama ta ƙasa, NCAA, kuma a watan Maris na 2021 gwamnatin tarayya ta haramta shawagin jirage a sararin Zamfara saboda matsalar tsaro. Ɗalibin Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Ƙauran Namoda ko bakaniken kasuwar Shinkafi da wannan buri ke cin ransa, aikinsa a nan na ƙasa ne: inji a kan teburin gwaji, ko jirgi ɗaure da igiya. Koyon tuƙi kuma akwai makarantarsa a Zariya tun 1964. Sa'ar da aka yi, kusan duk cututtukan kafireto a ƙasa ake kama su.

Awon mai da iska

Fistin yana zuƙo iska ta cikin kafireto, iskar ta bi ta wani matsattsen maƙogwaro, ta ƙara gudu, matsinta ya ragu, sai ta tsotso mai ta jet daga ɗan kofin da ke ƙasa. A kofin akwai fulot da allurarsa, su ke riƙe man a tsayi ɗaya. Gaba kaɗan akwai faifan totur mai buɗewa da rufewa. Shi ke nan.

Fetur yana ƙonewa tas idan iska ta ninka shi sau 14.7 a nauyi. Inji ya fi ba da ƙarfi a wajen 12.5, wato da ɗan rarar mai, ya fi tsimin mai kuma a wajen 16. Injin jirgi mai sanyaya da iska ana barinsa da rarar mai da gangan lokacin tashi, domin rarar tana rage zafin ƙuna, tana hana ƙwanƙwasar da ke huda fistin. Nan bakaniken babur ya kan yi kuskure. Ya saba mai babur ya zo yana kukan shan mai, ya matse masa jet, kowa ya tafi da murna. A injin jirgi, mai ya yi yawa asarar kuɗi ce da baƙin fulogi, amma mai ya yi kaɗan a cikakkiyar wuta asarar inji ce.

In mai ya yi yawa za ka ga baƙin hayaƙi a salansa, fulogi ya yi baƙi da kunkunniya, inji yana gurnani mai nauyi a silo. In ya yi kaɗan, inji yana yin atishawa ta bakin kafireto, yana shaƙewa in ka ba shi wuta da sauri, fulogi ya yi fari fat, kan silinda ya ɗau zafi. Fulogi mai lafiya ruwan ƙasa-ƙasa yake. Amma kada ka karanta fulogi bayan inji ya daɗe a silo, zai yi maka ƙarya. Ba shi wuta sosai na ɗan lokaci, ka kashe shi nan take, sannan ka kwance.

Kada ka fara da sukundireba

Yawancin laifin da ake ɗora wa kafireto ba nasa ba ne. Fara da man kansa. Wanda ya saba sayen fetur a kwalba wurin 'yan bumburutu ya san abin da ke iya shiga ciki, kuma ko na gidan mai ba a rantsuwa a kansa: a Fabrairun 2022 an shigo da fetur mai yawan sinadarin metanol Najeriya, ya lalata motoci da dama. Gwajinsa mai sauƙi ne. Sami kwalba doguwa mai haske, zuba ruwa kashi ɗaya, ja layi a inda ya tsaya, ƙara fetur kashi tara, girgiza, ajiye ya kwanta. In ruwan ya haura layin, akwai barasa a man, don ita ce ta bar fetur ta koma cikin ruwa. Irin wannan mai yana cin roba da tiyo, yana kuma riƙe ruwa. Kowace safiya kuma a tsiyayo ɗan mai daga mafi ƙasƙancin wuri a tanki zuwa kofin gilashi, a duba ko akwai ɗigon ruwa a gindi. Tankin da ya kwana rabi da damina yana tara raɓa a cikinsa.

Sai gudun mai. Ƙa'idar da hukumar jiragen sama ta Amurka ta daɗe tana aiki da ita ita ce, in mai da kansa yake gangarowa daga tanki, ya zubo ninki ɗaya da rabi na abin da inji ke sha lokacin tashi. In da famfo ne, ninki ɗaya da kwata. Inji mai ƙarfin doki 100, irin Continental O-200, yana shan wajen lita 35 a awa a cikakkiyar wuta, saboda haka kana neman lita 52 a awa, ƙasa kaɗan da lita guda a minti. Ɗaga hancin jirgin kamar yana hawa, bar mai kaɗan a tanki, cire tiyo a bakin kafireto, riƙe shi a tsayin da yake zaune, ka auna da agogo. In bai kai ba, duba matacin mai, duba lanƙwasar tiyo, sannan ka duba ƙofar shaƙar iskar tanki. Zanzaro yana son wannan ɗan bututun ƙwarai, kuma ginin laka ɗaya ya isa ya sa inji ya tashi lafiya, ya yi minti kaɗan, ya mutu.

Bayan nan ne za ka buɗe kofi. Fulot na tagulla a girgiza shi kusa da kunne, in ka ji motsin mai ya huje. Kamfanin Rotax na Ostiriya, mai injin 912 da ke kan dubban ƙananan jirage, ya ce a ɗora fulot biyu na kowane kafireto a sikeli, in sun haura giram 7 a haɗe a canja su, sun sha mai. Fulot mai nauyi yana nutsewa, mai ya cika kofi ya yi ambaliya, kuma ambaliya a saman salansa mai zafi gobara ce.

Akwai kuma iskar sata, wadda ke shiga ta tsagewar roba ko gaskit tsakanin kafireto da silinda. Alamarta ita ce inji yana ƙarancin mai a silo da ƙaramar wuta, amma ya warware in an buɗe totur, domin lokacin da faifai ke rufe ne zuƙar ta fi ƙarfi. A garejin mota a kan fesa fetur a wurin a saurari canjin murya. Kada ka yi haka kusa da farfela mai juyawa. Kashe inji, toshe bakin kafireto, hura iska a hankali cikin bututun, ka shafa ruwan sabulu, kumfa za ta nuna maka ƙofar.

Yanzu ka ɗauki sukundireba. Ɗaure wutsiyar jirgi a turke mai ƙarfi, sa waigi a tayoyi, kori yara, ajiye abin kashe gobara kusa. Bari inji ya yi ɗumi. A kafireto irin Marvel-Schebler, wanda ke kan yawancin injinan Lycoming da Continental, akwai jan maɓallin rage mai a gaban matuƙi. Bar inji a silo, ja maɓallin sannu a hankali kamar za ka kashe shi, idonka a kan agogon juyi. Ya kamata allura ta ɗan haura da juyi 25 zuwa 50 a minti kafin ta faɗi. In ta haura fiye da haka mai ya yi yawa a silo, in ta faɗi kai tsaye ya yi kaɗan. Juya sukurin kaɗan kaɗan, kuma inji a kashe duk lokacin da hannunka zai je wurin. Babban jet kuwa ba a yanke masa hukunci da kunne. Sai da ma'aunin zafin hayaƙi da na kan silinda. Lycoming ta sa iyakar zafin kan silinda a digiri 260, amma mai son injinsa ya daɗe yana riƙe shi kusa da 200 ko ƙasa. In kafireto biyu ne, kamar Bing guda biyu na Rotax 912, sai an daidaita su su riƙa buɗewa tare, in ba haka ba jijjiga za ta sassauta maka kusoshi. Kowane sukuri kuma a ɗaure shi da wayar kulle. Ka lura da wani bambanci: sifirin totur na babur rufewa yake ja, na Rotax buɗewa yake ja, don in waya ta tsinke a sama gara inji ya tafi da cikakkiyar wuta da ya koma silo.

Iskar bazara da ta hunturu

Kafireto ba ya auna nauyin iska yadda ya kamata. In iska ta sirance, man da yake zubawa ba ya raguwa daidai da ita, sai awon ya karkata wajen yawan mai. Hawa sama yana sirantar da iska, zafi ma haka. Filin jirgin Malam Aminu Kano yana tsayin mita 476 daga teku. Da la'asar ɗin Afrilu, zafi na digiri 40, iskar wurin daidai take da ta tsayin mita 1,500, ta rasa wajen kashi 14 cikin ɗari na nauyinta. Inji bai bar ƙasa ba ya riga ya yi asarar ƙarfi, farfela da fukafukai ma sun rasa abin kamawa. A ƙiyasi, kowane hawan mita 300 yana cin wajen kashi 3 cikin ɗari na ƙarfin inji.

Juyin wannan ya fi haɗari ga injin da ake gauraya wa baƙin mai a fetur, irin Rotax 582. Ka zaɓi jet da rana tsaka a bazara, inji yana kiɗa lafiya. Da asubar Janairu, sanyi na digiri 13, iska ta ƙara nauyi da wajen kashi 9 cikin ɗari, jet ɗin nan ya zama ƙarami, kuma a irin wannan inji ƙarancin mai yana nufin ƙarancin man shafawa. Fistin sai ya kama. Ajiye jet biyu ko uku, ka rubuta a littafi wanne ka sa, wace rana, da zafi nawa.

Ƙanƙara

Ka tambayi kowa a Shinkafi yaushe ƙanƙara za ta iya kama inji, zai ce da hunturu. Ba haka ba ne. Iskar hunturu busasshiya ce, laimarta da rana ta kan faɗi ƙasa da kashi 20 cikin ɗari, ba ruwan da zai daskare. Lokacin tsoro a ƙasarmu shi ne damina, musamman safiyar Agusta bayan ruwan dare, sa'ad da hazo ke kwance a fadamun Gagare da Bunsuru.

Yadda randa ke sanyaya ruwa saboda jikinta na tsattsafowa iska tana busarwa, haka fetur ke yi a maƙogwaron kafireto, sai dai fetur ya fi ruwa saurin tashi nesa ba kusa ba. Ga kuma faɗuwar matsin iska, ita ma tana ƙara sanyi. Su biyun suna iya sauke zafin iskar da digiri 20 zuwa 30, wani lokaci fiye, cikin ƙiftawar ido. Iskar da ta shigo da digiri 24 ɗauke da danshi sai ta faɗa ƙasa da sifili, ruwan cikinta ya daskare a bangon maƙogwaro da kan faifan totur. Littafin koyar da matuƙa na Amurka ya ce abin ya fi aukuwa in zafi bai kai digiri 21 ba kuma laima ta haura kashi 80, amma yana iya faruwa har a digiri 38 da laimar kashi 50 kacal. Ka tuna kuma kowane hawan mita 1,000 yana rage wajen digiri 6.5, saboda haka digiri 30 na ƙasa ya zama 20 a tsayin mita 1,500, daidai gindin gajimare inda iska ta ƙoshi da ruwa. Fetur ɗin mota ma ya fi na jirgi saurin tashi, don haka ya fi shi jawo ƙanƙara, kuma shi ne man da mai jirgin gida a nan zai samu.

Ƙaramar wuta ta fi babba haɗari. Faifai yana kusan rufe, ratar iska 'yar kaɗan ce, ƙanƙara kaɗan ta isa ta cike ta, inji kuma ba ya fitar da zafin kirki. Shi ya sa ta fi kama mutane lokacin gangarowa don sauka: matuƙi ya rage wuta ya daɗe, ya zo kusa da ƙasa ya tura totur, ba amsa. Masu binciken hatsari su iso bayan awa guda, shaidar ta narke, inji ya tashi bugu ɗaya.

Alamar farko a jirgi mai farfela tsayayya ita ce juyi yana raguwa a hankali ba wanda ya taɓa totur. Matuƙi ya ƙara wuta kaɗan ya manta, ya sake ƙarawa. Daga nan inji ya fara gargada. A jirgi mai farfelar da ke riƙe juyi ɗaya, agogon juyi ba zai nuna komai ba, sai ma'aunin matsin bututun shiga ne zai riƙa sauka.

Maganinta iska mai zafi. Ana naɗa wa bututun salansa riga ta gwangwani mai rata, iska ta bi ta ciki ta ɗau zafi, a kawo ta da tiyo mai jure wuta zuwa wani akwati a bakin kafireto. A akwatin akwai ƙyaure da matuƙi ke ja da waya, ya zaɓi iskar waje ko mai zafi. Ƙa'idar Amurka ga irin wannan kafireto ita ce rigar ta iya ƙara digiri 50 a kan iskar waje, inji yana kashi 75 cikin ɗari na ƙarfinsa. Yawancin rigunan da ake ƙerawa a gida ba sa kaiwa, sun yi gajarta, ko ƙyauren yana barin iskar sanyi ta kutsa. Sa ma'aunin zafi a bakin kafireto ka gani da idonka. In bai kai ba, tsawaita rigar, ko ka naɗa wa bututun sifirin ƙarfe a ƙarƙashinta don iska ta sami inda za ta gogu. In za ka iya sayen ma'aunin zafin maƙogwaro, yankin haɗarinsa daga digiri 15 ƙasa da sifili ne zuwa 5 sama da shi.

Masu ɗora injin Bosuwaja a jirgi, kuma suna da yawa a duniya, su kula: a mota akwai siririn bututu da ke bi da hayaƙi mai zafi ƙarƙashin bututun shiga, don wannan matsalar aka sa shi. Mai rage nauyi ya yanke shi ya jefar, ya rataya kafireto can ƙasa cikin iska mai sanyi. Lycoming ta ɗan fi sauƙi don kafiretonta a jikin kaskon baƙin mai yake ɗaure, yana samun ɗumi, amma ita ma ba ta tsira ba. O-200 kuwa ya yi suna wajen ƙanƙara.

Yadda ake amfani da zafin shi ne inda zuciya ke gardama da ilimi. Ka ga juyi na sauka, ka ja zafi har ƙarshe. Juyi zai ƙara sauka, domin iska mai zafi ba ta da nauyi. Sannan inji ya shiga tari da gargada fiye da da, saboda ruwan da ya narke yake haɗiya. A nan hannu zai so ya mayar da maɓalli. Kada ka mayar. Yana iya ɗaukar daƙiƙa 30, yana iya ɗaukar mintuna. In ƙanƙara ce, juyi zai fara hawa da kansa, kuma in ka mayar da iskar waje zai wuce inda yake kafin ka ja. Rabin zafi ya kan fi rashinsa muni in ba ka da ma'auni, don yana iya kai iskar daidai yankin daskarewa. Ja zafi kafin ka rage wuta, tun salansa na da zafin bayarwa, kuma a doguwar gangara ka riƙa ba inji wuta lokaci lokaci. In inji ya riga ya mutu, salansa tana hucewa nan da nan, maganin ya tafi tare da ita.

Zafin yana da farashinsa. Yana iya cin har kashi 15 cikin ɗari na ƙarfi, don haka ba a tashi da shi, kuma in aka fasa sauka a mayar da shi nan take. Iskarsa kuma a yawancin jirage ba ta bi ta mataci. A filin ƙasa da hunturu, ƙura tana tashi, minti ɗaya na zafi a ƙasa yashi ne kai tsaye cikin silinda. Gwada shi gajere kafin tashi, a juyi 1,700 ko 1,800, ka ga allura ta ɗan sauka ta dawo, ka rufe. In ba ta motsa ba sam, wayar ta kwance ko tiyon ya fita.

Akwai cuta ɗaya da ke kama da ƙanƙara amma kishiyarta ce: mai ya tafasa a tiyo, tururi ya tsaya a hanya. Wannan ta bazara ce, ta kan zo bayan an kashe inji mai zafi an sake tayarwa, ko a dogon hawa da fetur ɗin mota. Ba ta zuwa a hankali, inji yankewa yake yana dawowa, ma'aunin matsin mai yana rawa, kuma jan zafi ba ya gyara ta. Maganinta a nisanta tiyon mai da salansa, a sa masa rigar hana zafi, a sa famfon lantarki ƙasa kusa da tanki don ya riƙa turo mai maimakon tsotso, a kuma bar siririn tiyo mai mayar da rara zuwa tanki.

Mai inji a teburin gwaji a Jangeru yana iya ganin ƙanƙarar da idonsa ba tare da ya bar ƙasa ba. Zaɓi safiyar damina mai raɓa, rufe zafi, bar inji a ƙaramar wuta minti goma zuwa goma sha biyar, kana rubuta juyi da zafin maƙogwaro kowane minti. In juyi ya fara zamewa, kashe inji, jira farfela ta tsaya cak, cire mataci da sauri ka haska tocila a kan faifan totur. Sannan ka sake tayarwa, ka bari ta sake taruwa, wannan karon ka ja zafi, ka duba agogo ka ga daƙiƙa nawa rigarka ta ɗauka kafin allura ta dawo.